Albasar da Na Dasa a Gindin Wardinki

Zuwa ga Amatullahi, sanyin idona, inuwata ta tsakar bazara, ruwan randar da ta kwana a rufe, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, farin watan da ke haska gidan ga ko an ɗauke wuta! Amatu tawa, matar Lawali ko ana so ko ba a so. Ina yi miki sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ki, ina gaida Inna da dukan mutanen Liba. In kin ji takardar ga na warin albasa ki yi haƙuri, hannun mijinki ne, kin san shi. Na wanke shi da sabulu har ya yi fari, warin ya ce yana nan.

Na koma ga biro ne don waya ta gaza mini. In na kira ki, daga "lafiya lau" sai "ga Inna", sai in ɓige da tambayar Inna lafiyar awakinta. Tun kaka kika tafi, bayan ɓarin nan da ya kusa tafiya da ke. Inna ta ce ki zo gida ki warware, ni da kaina na ɗora jakarki a mota, ina zaton kafin a gama yankan dawa kin dawo. An yanke dawa, an sussuke, an yi dashen albasa a fadama har ta fara kai, Amatu shiru. Gidan ga ya yi mini girma. In na shigo na yi sallama, ba mai amsawa sai kaji. Tuwon da Gwaggo Tabawa ke aiko mini a tsaye nake cinsa, don in na zauna kan tabarma sai idona ya kai inda kike zama. Kewarki ta kama ni, ba na ɓoye miki, ta kama ni ƙwarai.

Ina cikin haka ƙanenki Sagir ya tare ni a kasuwar Jega, yana ta sunkuyar da kai, da saƙo biyu daga gare ki. Na farko, wai in tumɓuke furannin nan naki in dasa albasa a wurin, abin da ba ya ba da amfani bai kamata ya tare ƙasa ba. Na biyu, wai in na ga dama in sawwaƙe miki, ba ki riƙe ni da komai ba. Haba Amatu! Haba ke kuwa! A tsakiyar kasuwa, tsakanin buhuna, ake gaya wa mutum irin wagga magana? Na tsaya na ƙura wa wani buhu ido har mai shi ya tambaye ni ko saye zan yi. Na biyun ki cire shi daga ranki tun yanzu, hannun ga ba zai rubuta takardar saki ba. Na farkon ne zan ba ki labarinsa.

Kin tuna yadda lambun ya faro? Kin dame ni, ni kuma na dami Mas'ud direba, har ya yi lodin Jos ya dawo mana da wani ɗan ice mai ƙaya naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, aka ce shi ne wardi. Na dube shi na ce wannan ko shinge ba zai yi ba. Kika harare ni, kika huda gindin tsohuwar randa, kika haɗa rairayi da ruɓaɓɓen takin awaki da hannunki, kika sa shi kamar mai kwantar da jariri. Daga baya yasmin ya zo, sai wannan mai fure irin na guro, wato kuɓewa, amma ja wur, faɗin tafin hannu, wanda har yau ban iya sunansa ba, nake ce masa Alhaji don son jikinsa. Gwaggo Tabawa ta zo ta zagaya su, ta tambayi wanne ake miya da shi. Da kika ce babu, ta tafa hannu ta ce lallai Aliero ta ga abu. Ke ko kika tsinko yasmin kika soka mata a ɗankwali. Ta fita tana faɗa, amma ba ta cire shi ba.

To yanzu ni ke hidimarsu, ki yi ta dariya. Washegarin tafiyarki na yi musu ban ruwa irin na fangali, na cika kowace randa har baki kamar yadda muke wa albasa a fadama, ina ganin na yi abin kirki. Ganye ya soma rawaya yana zuba. Sai na tuna kina tsoma yatsa cikin ƙasa tukuna, in da danshi ki wuce abinki. Yau kowace safiya, na dawo masallaci, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsana. Gara ta zo, na barbaɗa toka. Akuyar maƙwabta ta tsallako ta yi wa yasmin aski, na kore ta da hula. Na ciro zana daga rudun da nake ajiyar albasa na yi musu rumfa, har a majalisa ana cewa Lawali ya bar noma ya koma renon ƙaya. Su yi ta faɗa! Alhaji ya murmure, yasmin ya sake toho. Wardin ne ya tsaya mini tsirara kamar tsinken tsire, ban sani ba ko fushi yake ko mutuwa.

Akwai wata rana da ba ta barin raina. Shekarar aurenmu ta fari ce, muna dawowa daga suna a Maiyama, na tsaya da babur in duba gonar irin albasa. Na ce ki jira ni, kika ƙi, kika biyo ni cikin kunyoyin gonar kina tattare zane. Albasar ta yi kara ta kai ƙugu, kowane kara ɗauke da farin kai kamar curin fura, iska na kaɗa su, ƙudan zuma na ta waƙa a kai. Kika tsaya cik, kika riƙe bakin mayafinki, kika ce, "Ashe kai ma mai lambun fure ne, kake mini tsiya?" Wallahi Amatu, tun ina bin mahaifina gona nake shiga irin wannan wuri, ban taɓa ganin fure a ciki ba. Iri nake gani, buhun baɗi nake gani. Ke kika buɗe mini ido a ranar, kika kuma shafa mini ɗan farin furen a gemu.

Saboda haka da kika ce in dasa albasa, na bi umurninki. Ban tumɓuke ko ganye ɗaya ba, amma na dasa. Na shiga rudu na zaɓo tsofaffin albasa, waɗanda suka sha zafi suka sha damina a ajiye har suka yanƙwane. Kin san ɗanyen dashe ba ya ba mu fure, sai irin waɗannan. Na yanke wa kowace kai da wuƙa yadda ake yi, na shafa toka a ciwon, na binne su kewaye da randunanki. Wanda bai san aikin ba in ya gani cewa zai yi an kashe su. Ina yanka idona na zuba, na ce yaji ne, alhali ba kowa a gidan balle in yi wa wani ƙarya. Suka tsiro, suka yi kara, suka tare wa wardinki iska. Yau ga su nan sun buɗe fari fat, ƙudan zuma sun gano gidanmu. Wardin kuma, Amatu, wardin! Ya fid da jan ganye sabo, kuma a kan reshen da ke kallon ƙofar ɗakinki akwai kai ɗaya a dunƙule, bai buɗe ba tukuna.

Na san ba don furanni kika aiko Sagir ba. Kina ganin kanki ne mai tare wuri. Wa ya gaya miki da buhu nake auna ki? Wanda muka rasa ni ma nawa ne, kamar waɗanda suka riga shi, kuma na yi kukansa a bayan rudu inda ba mai gani. Ƙananan rigunan da kika ɗinka suna cikin akwati, ban taɓa su ba, ban bar kowa ya taɓa ba. Haihuwa ta Allah ce. In Ya ba mu, mun gode, in bai ba mu ba, Ya riga Ya ba ni ke. Abin da ba zan iya ba shi ne in rasa shi in kuma rasa uwarsa. Ina son ki, hasken raina, son da ba ya neman dalili, kuma na gaji da cin tuwo a tsaye.

Ki taho, don Allah ki taho. Furen albasa ba ya jiran kowa, nan gaba kaɗan kawunan za su bushe, dole in yanke su. Bayan su sai zafi, kin ko san zafin ƙasar ga, ke kaɗai kika san yadda kike fid da waɗannan baƙin furanni naki daga bazara da ransu. Ni yatsa kawai na iya. Ba zan turo miki hotonsu a waya ba, ko kin roƙa. Juma'ar ga in an sauko masallaci zan hawo babur in zo Liba gaida Inna. Ba zan matsa miki ba, a zaure zan zauna. In ba ki fito da jakarki ba, zan sha ruwa in yi godiya, in dawo wata Juma'ar, in sake dawowa, har mutanen Liba su gaji da ƙarar babur ɗina. In kuma furen bana ya wuce ba ki gani ba, akwai sauran albasa a rudu, baɗi zan sake yanka in binne.

Na ɗan yi miki ƙarya a farkon takardar ga, warin ba na hannuna kaɗai ba ne. Ki buɗe ninkin ƙarshe a hankali, za ki ga ɗan farin fure guda da na tsinko daga kan da ya fi kusa da wardinki. Sauran suna gida.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da za a binne ni,
mijinki mai warin albasa,
Lawali, Aliero.