Akwatin famfonmu ya ƙi karɓar manhajar ɗan yayana

Assalamu alaikum, Malama Zuhura. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan maganata ta yi tsawo, raina ne ba a kwance ba.

Ni ce mata sunka ɗora a kan ƙungiyarmu ta noman rani a fadamar Argungu. Ban nema ba, cewa sunka yi ni ba na ɓatar da abu. Bara wata ƙungiyar agaji ta kafa mana famfunan sola guda biyu, kowane da akwatinsa mai sarrafa shi. Ranar da anka miƙa mani makullan akwatunan, injiniyan kamfanin ya ce akwatin ba ya karɓar sabuwar manhaja sai mai ɗauke da sa hannunsu, wani hatimi na ɓoye da akwatin ke ganewa. Ya roƙe ni kada in bari kowa ya taɓa cikinsa. Na ce na ɗauka, a gaban mutane.

To tun da bazara ta kama, rana na take tsaka sai famfunan su tsaya. Kamfani ya ce kuskure ne a manhaja, suna gwada gyaran, mu jira. Shinkafa kuwa ta yi ciki. Gonar Ummu Hani, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita ce a ƙarshen layi, ruwa ba ya isa gare ta. Ƙasar ta fara tsagewa. Gaisuwa kawai take yi mani ta wuce, wannan ya fi zagi ciwo.

Kamilu, ɗan yayana Sahabi, yana gyaran waya a kasuwar Birnin Kebbi, magidanci ne, hannunsa na da kyau. Ya zo da wata manhaja a memori, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a na'ura, ya ce a zauren masu gyara na intanet ya samo ta, an ce ta yi aiki a wani wuri. Iyakar abin da na yarda shi ne ya soka ta a ramin da ke jikin akwatin ta waje. Akwatin ya kunna jar fitila ya ƙi. Yanzu ya ce sai in buɗe masa, ya goge manhajar farko, wadda ke tada akwatin tana duba hatimi, ya sa wadda ba ta tambaya.

Malama, ni ban yi boko mai zurfi ba. Amma inda na yi karatu ba a ɗaukar karatu sai an san wa ya ba wanda ya ba ka. Na tambayi Kamilu wa ya rubuta abin nan, ya yi dariya ya ce Gwaggo ke nan, bai sani ba. Da na ce to a dakata, Yaya Sahabi ya aiko mani cewa na fifita baƙi a kan jinina. Har sunan jikarsa anka yi ban ji ba sai a bakin maƙwabta. Mata kuma sun fara cewa tsoron Allah nawa zai ci masu shinkafa. Na yi istihara, zuciyata ba ta karkata ko'ina ba.

Idan na buɗe na karya alkawari, idan na riƙe gonar marayu ta ƙone ina kallo. Makullan nan suna ɗaure a bakin zanena, ji nake kamar garwashi. Me zan yi?

Mai riƙon makulli, Argungu

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya saka maki da alheri a kan riƙon amana. Na kai wasiƙarki wurin wata injiniya da ta san irin waɗannan na'urori kafin in amsa.

Kada ki buɗe. Jar fitilar nan akwatin yana aikinsa ne. Hatimin yana tabbatar da abu biyu: daga wa manhaja ta fito, kuma ba a taɓa ta a hanya ba. Manhajar farkon da Kamilu ke son gogewa ita ce tushe. Idan wutar sola ta yi rauni ana tsakiyar rubutawa, ko abin da ya kawo na wani samfurin ne, akwatin na iya mutuwa ya ƙi tashi sam. Kamar a wanke allo ne tun ba a riƙe karatun ba. Yau kina da famfo mai tsayawa da rana, gobe ki wayi gari babu ko ɗaya. Ko da ya yi aiki, daga ranar duk mai memori zai iya zuba abin da ya ga dama.

Amma matan nan ma suna da gaskiya, kuma jira kawai ba amana ba ce. Gobe ki tara su. A fara ban-ruwa tun rana na fitowa, a ba gonar Ummu Hani ruwan farko, masu kusa da famfo su karɓi na la'asar. A yi wa akwatunan inuwa da zana, a bar wa iska hanya, mai yiwuwa zafi na ƙara matsalar. A nemi aron injin fetur na 'yan kwanakin nan. Ki gaya masu dalilinki da bakinki, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai.

Kamilu kuwa ki ba shi aikin da ya dace da saninsa. Ya ɗauki hoton abin da akwatin ke nunawa idan ya tsaya, ku je tare wurin ƙungiyar da ta kafa famfunan, su matsa wa kamfani. Ku tambaya ko akwai tsohuwar manhaja mai hatimi da za a koma mata kafin sabuwar ta fito. Idan ta zo, ku nemi izini shi ya ɗora, a famfo ɗaya tukuna, da hantsi rana na da ƙarfi, sai an ga ya kwana lafiya a taɓa na biyu.

Yayanki kuma kada ki aika, ki tafi da ƙafarki ki yi barka. Ki ce masa ba ɗansa kike tuhuma ba, wanda ya rubuta abin ne ba wanda ya san shi, kuma da famfon ya mutu a hannun Kamilu, sunansa ne zai ɓaci a fadama.

Allah ya sanyaya maki zuciya, ya kai ruwa gonar Ummu Hani, ya nuna maku girbi lafiya.