Yadi Saba'in da Huɗu da Rabi

Garin Cindo,
ta Sule Tankarkar.
9 ga Maris, 1976.

Zuwa ga Kawu Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida duka. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai zafi da ya fara shigowa.

Kawu, wata buƙata ce ta sa na rubuto. Ka tuna lissafin nan na fitar da tushen lamba, wato nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda ake da ita a hannu? Sau biyu ka zaunar da ni a zaure kana koya mini, lokacin da kake aikin safiyo, ni kuwa hankalina yana filin ƙwallo. A kwaleji ma haddace shi na yi don jarrabawa, ina fitowa ya zube. Yau ga ni ina nemansa, kuma duk yankin nan babu wanda zan tambaya.

Ka san an turo ni nan ne in buɗe sabuwar makaranta, ta shirin ilimi kyauta da za a fara a watan Satumba. To, wurin da aka zaɓa don ginin gonar wata dattijuwa ce, Goggo Zinariya, wadda aka sauke ni a shagon ƙofar gidanta. Mijinta ya rasu shekarar fari, kuma tun zuwana ba a yi ranar da ba ta aiko mini da tuwo ba. Gonar tata siririya ce mai tsawo, a bakin gari. Dagaci ya ce za a musanya mata da wata daidai da ita a gabas, kusa da burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya. Sai dai wurin ba ya ɗaukar tsawo, dole a yanka ta gefe huɗu daidai wa daida.

Wakilin dagaci, wani mai suna Ɗantala, ya ce abin mai sauƙi ne: a zagaye tsohuwar gonar da igiya, a ninke igiyar gida huɗu, a je can a kafa turaku. Ni dai mutumin bai kwanta mini ba, raina ya ba ni cutar tsohuwar nan zai yi. Sai na miƙe a gaban jama'a na ce ba haka ake yi ba, ƙasar ciki ake aunawa, ba kewaye ba. Dagaci ya ce tunda ga malami ya yi magana, an ba ni mako uku in kawo lissafi.

Don Allah ka rubuto mini hanyar daki-daki. Ubale mai fata, wanda ya kawo maka wannan, zai sake biyowa ta Gumel in ya taso daga kasuwar Maigatari ran Alhamis ta sama.

A gaida Inna da yara.

Ɗanka,
Manu.

Garin Cindo.
24 ga Maris, 1976.

Zuwa ga Kawu Barau,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan gida lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Takardarka ta iso, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Faɗan da ka yi mini a kan yin magana kafin awo ma na karɓa.

Na auna gonar sau biyu. Tsawonta yadi ɗari da hamsin, faɗinta talatin da bakwai. Da na ninka, ƙasar ciki ta kama 5550. Na raba lambar biyu-biyu daga dama yadda ka ce, ta zama 55 da 50. Bakwai sau bakwai arba'in da tara, saura shida. Na sauko da 50, ya zama 650. Na riɓa bakwai ya zama 14, na jingina masa huɗu, 144 sau huɗu 576, saura 74. Na sauko da sifiri biyu na ci gaba, sai na ga kaɗan ya rage amsar ta cika saba'in da huɗu da rabi. Na gwada ta da kanta kamar yadda ka gargaɗe ni, ta fito daidai, har da ɗan ƙari wanda bai kai shimfiɗar buzu ba.

Kawu, ga inda matsalar take. Igiyar Ɗantala, in an ninke ta huɗu, kowane gefe yadi casa'in da uku da rabi ne. Wato da na yi shiru, Goggo za ta sami gonarta da ƙarin fiye da rabinta. Ni da na tashi kare ta, ni ne zan rage mata yadi goma sha tara a tsawo da faɗi. Ɗantala kuwa ba cuta ya nufa ba. Na bincika, haka ya ga ubansa yana yi.

Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu na yi ina tunanin in je in ce na duba, igiya ta yi daidai. Ba wanda zai gane. Amma jiya na je wurin na taka shi da ƙafata. Yadi goma sha taran nan cikin burtali za su faɗa, su bar wa shanu hanyar da biyu ba sa jerawa. Ka san abin da zai biyo baya in gero ya yi kai: shanun Arɗo Sajo za su shiga gonar, a wayi gari ana shari'a tsakanin mutanen da shekara da shekaru ba su taɓa sa-in-sa ba.

Ran Asabar za a zauna. Har yanzu ban iya gaya mata ba. Ka sa ni a addu'a.

Gaisuwa ga Inna.

Ɗanka,
Manu.

Garin Cindo.
20 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga Kawu Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, an kuma sami ruwa a Gumel. Mu nan alhamdu lillahi, an yi na shuka mai kyau. Ka yafe mini shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai na ga ƙarshen maganar.

Ranar zaman na faɗi abin da na samu. Ɗantala ya yi dariya ya ce ashe igiyarsa ta fi biron malami tausayi. Ba wanda ya yarda kewaye ɗaya zai iya ɗaukar ƙasa iri biyu. Sai na sa aka kawo igiya mai taki goma sha shida. Na shimfiɗa ta siririya, taki bakwai da ɗaya, na sa dutse ɗaya a kowane taki na ƙasar ciki, ta ci bakwai. Na mai da ita huɗu da huɗu, ta ci goma sha shida. Arɗo Sajo ne ya fara ganewa, ya karɓi duwatsun ya sake jerawa da kansa. Daga nan dagaci ya ce a bi lissafina.

Goggo ta gyara mayafinta ta tafi. Tuwo bai daina zuwa ba, amma wata uku in na gaishe ta, “lafiya” kawai take cewa ta wuce. Da a ce zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Da aka yi gayyar sassabe a sabuwar gonar na fita da gatari, Arɗo ma ya kwantar da shanunsa a ciki kwana goma don taki. Duk tana gani.

Ranar shuka ta ɗauko iri a ƙwaryar da ta saba cikawa don tsohuwar gona, ba ta ƙara ko tafi ɗaya ba, ta hana kowa taya ta zubawa. Ashe awonta take yi. An gaya mini irin ya kai ta har layin ƙarshe, saura rami uku ya ƙare.

Shekaranjiya ina rubuta sunayen yaran da za su fara karatu, sai ga ta riƙe da hannun jikarta A'i, 'yar shekara shida. Ta ce, “Malam, lissafinka bai ci ni ba, na gwada. Amma da ka yi shiru da na fi haka.” Na ce gaskiya ne, Goggo. Ta tura yarinyar gabana ta ce in koya mata wannan abin na tushe, don nan gaba in za a rage musu ƙasa, 'yar gida ta rage. Na gaya mata ba a kaiwa nan sai aji shida. Ta ce ba komai, gonar ba inda za ta.

Na rubuta sunan A'i. Ita ce ta goma sha ɗaya, kuma mace ta farko.

A gaida Inna da kowa da kowa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Manu.