Ɗakin da Na Sa Auta Ta Mayar

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaran duka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sassauta maka wahalar aiki, Ya raya mana zuriya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta hagu dai tana nan da halinta, kulocin motar da na taka shekara talatin da ɗaya take ramawa a kaina. Yaya Babba an yi mata aikin idon, kuma an dace. Mu ne ba mu dace ba, domin tun da aka cire mata bandeji ba abin da take gani sai datti. Ta zo gidan nan ranar Asabar ta ce ashe haka labulenmu yake, ta kuma dube ni ta ce ashe na tsufa.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. To, ka san gidan nan, idan na ɗaga waya a uwar ɗaka har mai wanke-wanke a kicin sai ta amsa sallamar. Maganar da zan yi maka kuma ba ta kunnen kowa ba ce, ban ma tabbata bakina zai iya faɗinta ba. Idan na gama zan kai wa mai shagon buga takardu na bakin titi ya ɗauki hotonta ya tura maka. Ka karanta a zaune, don ni kaina a rikice nake.

Ka san 'yarka Auta tana koyar da fiziks a jami'a, tana kuma karatun digirinta na uku. Wata biyu da suka wuce aka zaɓe ta zuwa wani taron bita na mako biyu a ƙasar da kake. Mutum arba'in kacal aka ɗauka, ita kuma shekara uku ke nan tana nema ana mayar da ita. Ranar da saƙon ya zo, da gudu ta shigo da takalmi ƙafa ɗaya. Na tambaye ta me za a tattauna har mako biyu, ta ce wasu ƙarafa ne da idan an sanyaya su ƙwarai da gaske, wutar lantarki ke bi ta cikinsu ba abin da ke tare ta. Na ce wato hanya ce ba rami ba shinge. Ta yi dariya ta ce na fi wasu ɗalibanta ganewa. Gaskiya ban gane komai ba, amma na kwana biyu ina faɗa wa mutane.

Masu taron sun aiko da bayani shafi shida, ta baza mana a teburin falo tana karantawa tana fassarawa. Tun daga shafi na farko kaina ya fara juyawa. Wai jirgi zai tashi ƙarfe goma, ya yi awa shida a sama, ya sauka ƙarfe biyar. Na ƙirga da yatsu na ce huɗu ne, ta ce agogon can ne ke gaba da namu. Ni dai duk yawon da na yi ban taɓa bin hanyar da ke haɗiye awa guda ba. Daga nan wai motar masu taron sau biyu kawai za ta zo filin jirgi ranar Lahadi, wanda ya rasa ya san ta kansa. Mamarsu ita damuwarta tawul, don an ce kowa ya zo da nasa, da kuma soket ɗin can da aka ce bakinsa daban ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai masaukin ne. An ba ta gado a ɗakunan baƙi na jami'ar, ɗaki ɗaya mutum biyu, ita da wata matar da ba a san daga wace duniya za ta fito ba. Makullin kuma yana cikin wani akwatin ƙarfe a jikin bango, sai ta danna lambobi ya buɗe. Na ce wa zai tarbe ta, ta ce babu. Yarinya ta ƙetare duniya, ba wanda zai ce mata sannu da zuwa sai akwati. Raina bai so ba ko kaɗan.

Sai na tuna da dokar Baba, Allah Ya jiƙansa, cewa namu ba ya kwana a masaukin baƙi a ƙasar da yake da ɗan'uwa. Da ta fita aiki na ɗauko babban littafinta na taswira, na nemo garinku, na nemo garin taron, na ciro tsinken ashana. Ka san yadda nake yi. A taswirar da na yi aiki da ita duk rayuwata, tsinke ɗaya awa biyu ne idan da kaya, awa ɗaya da rabi idan ba kaya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Na ɗora, sai na ga tsakaninku rabin tsinke ne. Awa guda ke nan. Akwai ɗan shuɗi a tsakani, na ce kogi ne, kogi kuwa ai da gadarsa. Na rufe littafi hankalina kwance, na ce ta kwana gidan Baffanta, ta ci abincin gida, da safe ta hau mota.

Ranar da za ta cike fom na zo na tsaya a kanta. Gurbi biyu ne a jikin kwamfutar, ɗaya na mai son ɗaki, ɗaya na wanda ya tanadi nasa. Na ce ta danna na biyun. Ta ce garinku da nisa, na ce na auna. Ta ce ana fara zama ƙarfe takwas da rabi kullum, ba zai yiwu ba. Ta yi ta kawo hujja, ka san ta da hujja, ni kuma na ga magana za ta ƙwace mini a gaban mamarsu. Sai na ce ai na riga na yi magana da kai, ka ce kada ta damu, ka shirya komai. Wallahi Dogo, lokacin ban ji kamar ƙarya nake yi ba, domin na san abin da za ka ce ke nan idan na kira. Sai ta ce ko kana da wani ne a garin taron. Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce tunda Baffa ya faɗa shi ke nan, ta danna. Na yi niyyar kiranka a ranar. Sau biyu na buga ba ka ɗauka ba, kana wurin aiki, sai ga hidimar asibitin Yaya Babba, kullum in ce gobe, har mako biyar suka wuce.

Shekaranjiya ta dawo da jerin abin da ofishin jakadanci ke so kafin su ba da biza. A ciki har da takardar da ke nuna inda za ta kwana, da adireshi da sa hannun mai masaukin. An ba ta ranar Alhamis ta sama ta kai musu, yau saura kwana tara. Ta ce in karɓo mata adireshin a wurinka. Na fita kamar zan kira ka, na zarce shagon mai buga takardu, na ce ya duba mini a wayarsa nisan garuruwan nan biyu, kamar dai hira. Ya danna ya danna ya ce awa tara. Na ce ya sake dubawa. Ya ce jirgin ƙasa awa huɗu, jirgin ruwa awa uku, sauran a mota, kuma jirgin ruwan ba kullum yake tashi ba. Ashe shuɗin nan teku ne. Na koma gida na ɗauko littafin da ashanata na zo na nuna masa, har da ɗaga murya. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna mini wani ɗan layi a ƙasan shafin ya ce kowace taswira da nata ma'aunin, a wannan tsinkena ya kusa tafiyar kwana guda. Shekara talatin da ɗaya da taswira ɗaya nake aiki, ban taɓa sanin suna da bambanci ba. Na zauna a bencinsa na daɗe, har ya kawo mini ruwa.

Da na dawo na bi ta bayan gida na tambayi Auta, wai idan wani cikin mahalarta ya canza ra'ayi yana son ɗaki fa. Ta ce an rufe tun farkon wata, gadonta ma an ba wata da ke jiran layi. Garin ƙarami ne, lokacin hutu ne kuma, masaukai a cike suke. Sai dai akwai wata sakatariyar taron mai kirki da kan taimaka idan an sanar da ita da wuri. Yadda na fahimci abin, ba biza sai da takardar masauki, ba tikiti sai da biza, masu taron kuma ba za su sa sunanta a motar filin jirgi ba sai sun ga tikiti, idan kuma ba su gani ba zuwa ƙarshen wata za su ba wani kujerarta. Na zana abin a bayan kalanda da kibiyoyi ko zan ga bakin zaren, duk kibiyar da na bi sai ta dawo kan gadon nan da na sa ta mayar.

To, ga abin da ya ƙarasa rikita ni. Jiya da yamma ta shigo fuska a sake, ta ce ta gaji da jirana ta kira ka da kanta don ta yi godiya ta karɓi adireshi. Wai ka ce mata e, Yaya ya gaya maka tuntuni, ta kwantar da hankalinta, za ka turo. Dogo, ni na gaya maka? Na duba wayata kira bayan kira ko na yi na manta, don yanzu ina mantuwa, ban ga komai ba sai biyun da ba ka ɗauka ba. Na tambayi mamarsu a kaikaice ko ta yi magana da maiɗakinka, ta ce rabonsu da waya tun kafin aikin idon. To ko da gaske kana da wani a garin ne, Allah Ya sa bakina ya faɗi daidai ban sani ba? Ko kuwa halinka ne na tun muna yara, irin ranar da na fasa rediyon Baba ka ce kai ne, ka sha dukan ba ka ko dube ni ba? Idan haka ne, to ni na ce kai ka shirya, kai ka ce ni na gaya maka, ita kuma tana can ta sayo rigar sanyi ta rataye a bayan ƙofa tana gwada ta safe da yamma. Ban san ko in gode maka ba ko in ji tsoro.

Idan da gaske akwai wurin, don Allah ka turo takardar da adireshi da sa hannu kafin Alhamis ta sama. Ka faɗa mana nisansa da zauren taron, ko da ƙafa za ta je ko da mota, wa ke riƙe da makulli, kuma ko akwai mace a gidan. Idan kuma babu, ka ce babu.

Na fara rubutun nan da niyyar in roƙe ka ka ci gaba da rufa mini asiri har mu biyu mu samo mafita ba ta sani ba. Da na zo nan na koma sama na karanta, sai na ga mu biyun ba wanda ya san garin, ba wanda ya san sakatariyar, kuma duk ranar da muka ɓata muna kare juna daga cikin kwanakinta tara ake cirewa. Ita kaɗai za ta iya rubuta wa matar nan, ba kuma za ta rubuta ba muddin tana ganin tana da ɗaki. Shekara uku ta yi tana neman kujerar nan. Ina jin kunya ƙwarai, amma tsoron kada ta rasa ta ya fi kunyar.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, da Babban Mutum, da 'Yar Lele, da ƙaramin da har yau hotonsa kawai muka sani. Mamarsu tana gaishe ku, Yaya Babba ta ce ka turo sabon hoto yanzu da take gani, ta duba ko kai ma ka tsufa.

Auta tana falo tana karyawa, saura minti ashirin ta fita aiki. Zan ajiye biro in je in gaya mata kafin in kai takardar nan shago. Idan ta kira ka yau ka ji muryarta ta canza, ka san ta sani, kuma kada ka kare ni. Na haifi 'ya'ya shida, ban taɓa tsayawa gaban ɗayansu na ce na yi ƙarya ka yafe mini ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Ka yi mini addu'a.

Naka har kullum,
Yayanka, tsohon direba