Dutsen Kan Kabarin Umma

Hor Al Anz, Dubai

Zuwa ga Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Wannan gaisuwar Musulunci ce, kada ka ɗauke ta da wata ma'ana. Yayarka Wasila ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce ko wasali kada ta gyara mini. Ka daina kiran wayarta. In kana da magana ka rubuto, ta karanta mini.

Ka gaya wa matarka ba girkinta ya kore ni daga gidanka zuwa gidan Wasila ba. Ka kawo ni ƙasar nan a cire mini yanar ido. To idon ne ya mutu, hannuna lafiyarsa lau. Ina laluben kofin shayi a kan kabad ɗin falonka, hannuna ya faɗa kan dutsen nan mai siffar kai. Ƙullutu bisa kowane ido, wani bisa hanci, kuncin hagu a guntule. A hannuna ya guntule, ranar da na kinkimo shi na dasa a kan kabarin uwarku, cikin jajayen duwatsun nan na bayan Arlit. Kai kana jinjiri, kana tsala kuka a gaban motar da nake tuƙawa. Ni da wani Buzu mai raƙuma muka yi mata sutura. Tun daga lokacin kowace shekara sai na je, har idona ya hana ni, na aike ka a madadina. Ashe ɓarawo na aika.

Kai ko fuskarta ba ka sani ba, shi ya sa ka iya ajiye alamar kabarinta kusa da talabijin.

Ka mayar da shi inda ka ɗauko shi. Kafin nan ka ce wa likitanka ya riƙe wuƙarsa, ba na son ganin komai a garin nan.

Mahaifinka,
Sabo Direba

International City, Dubai

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan jiki ya yi sauƙi. Na karanta, na kuma karɓi sunan da ka ba ni.

Baba, wannan ba dutse ba ne kawai. Ƙoƙon kan wata dabba ce mai girman saniya, mai cin ganye, wadda ta rayu a wurin tun kafin a yi mutane, tun kafin manyan dabbobin nan da ka taɓa gani a talabijin. Masana sun ce ya haura shekara miliyan ɗari biyu da hamsin. Duk jajayen duwatsun nan laka ce ta wani tsohon kogi, ta daskare da ƙasusuwa a ciki. Har da wasu na ruwa masu faffaɗan kai kamar kada.

Masana na zuwa da izini. Amma a bayansu akwai 'yan haƙa, masu sayar wa attajirai a ɓoye. Ƙa'idarsu ɗaya ce: inda aka ga kai, gangar jikin tana ƙasa. Da na je, na tarar da ramukansu har gindin tudun da Umma take, da sawun mota sabo. Da sun ga kan nan, wa za su tono? Na ɗauke shi, na watsar da sauran duwatsun da ka jera, na share wurin da rigata har ya zama kamar ba a taɓa binne kowa ba. Na sako shi cikin kayan kargo. Na san doka ba ta yarda ba. Masu saye sun zo har shagona a Deira, na ce musu zance ya ƙare, ba na sayarwa ba ne.

Don Allah ka bari a yi aikin idon.

Ɗanka,
Nasrullahi

Hor Al Anz

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Wasila ta karanta mini, ta tsaya tana kuka, na ce ta ajiye hawayenta ta ci gaba.

Miliyan ɗari biyu. Wa ya ƙidaya? Yana nan aka fara? Ba sai ka je lakwal ka yi boko za ka gaya mini dabba ce ba. Tun ina yaron mota fataken Agadas ke ce musu shanun dutse. Na ga haƙarƙarinsu a kwance cikin ƙasa, na ga gadon bayan wani da ya fi tabarma tsawo. Na san abin da na ɗauka. Na zaɓe shi ne don duk faɗin wurin babu mai kama da shi, ko iska ta kwashe komai ba zan ɓata ba.

Ka ce ka kare ta. To bakinka ciwo yake yi? Ka dawo, na tambaye ka yaya ka samu wurin, ka ce lafiya lau, dutse na nan. Muna cin tuwo kwano ɗaya ka faɗi haka. Da ka gaya mini, da na sa an kai ni, na zauna a kan tudun nan da sandata, in ga ɗan uban da zai sa diga. Sai ka yanke hukunci kai kaɗai, kamar kwantenarka ce.

Kuma ka share kabari da riga. Wasila, rubuta shi yadda na faɗa: ka share uwarka.

Yanzu abu ɗaya nake tambaya, kada ka cika ni da tarihin kadoji. Tunda ka ɗauke alamar, da me ka bar wurin? In yau na mutu, da me kai da Wasila za ku gane shi?

Sabo

International City

Baba,

Assalamu alaikum. Na daɗe da takardar nan a gabana.

Na sa alamar wurin a wayata. Wayar ta faɗa ruwa wajen lodin jirgi a Deira, ban kuma ajiye alamar a ko'ina ba. Direban da ya kai ni ya tafi Libiya, babu labarinsa. Bara da na ce maka zan je Agadas duba kaya, can na koma. Na yi ta yawo daga tudu zuwa tudu har ruwanmu ya ƙare. Duk iri ɗaya ne, Baba. Duk ja, duk ramuka. Na tsaya a wani wuri na yi addu'a, ban san ko a kanta nake ba ko a kan waccan dabbar.

Shi ya sa na matsa a kawo ka Dubai. Ina so ka warke, Allah ne shaida, amma ba zan ɓoye sauran ba. Ba ni da wanda zai gane wurin sai kai, kai kuma ba za ka gane shi da hannu ba. Ko na mayar da dutsen yau, ban san inda zan ajiye shi ba.

Ka kira ni duk abin da ka ga dama.

Ɗanka,
Nasrullahi

Hor Al Anz

Nasrullahi,

Salam. Ka gaya wa likitan ya sa rana. Mijin Wasila zai kai ni a tasi, kai kada ka zo.

In an kwance mini ido, ka yanki tikiti uku, ni da kai da Wasila. Dutsen kada ya koma can, tunda shi ke kiran karnukan nan 'yan haƙa. Ka san yadda ka fito da shi, ka san yadda za ka miƙa shi ga hukumar ƙasarmu, ko da ɗaure ka za su yi.

Daga inda kwalta ta ƙare da ƙafa za mu tafi. Za ka bar wayarka a mota. Kana gaba ina baya, duk tudun da na nuna ka faɗi kamanninsa da bakinka, mu koma mu sake, har sai ka kai mu ba tare da na yi magana ba.

Ban yafe ba. In mun same ta, ka fara gaya mata, sannan ka zo gare ni.

Sabo