Oga Ifediora Ya Ce Sai Leɓena Ya Yi Baƙi

Anti Khadijatu, don Allah ki shiga maganar nan, ana zaluntata a Kafanchan.

Ni mai faci ne a bakin tasha, shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa sa sigari a bakina ba. Laifina ɗaya, tsokana. Da damina yayana ya sayo sigarin lantarkin nan mai ƙamshin mangwaro, wai da shi zai bar taba. Da na ga hayaƙin da yake fitarwa sai dabara ta faɗo mini. In ɗan acaɓa ya kawo faci, sai in tsuguna, in zuƙa, in busa ƙarƙashin inji, in yi ihun wuta. Meshak ɗan Kwoi har yashi ya dinga watsa wa mashin ɗinsa yana kiran Yesu. Mako guda ana masa dariya a tasha.

To Anti, kowane wasa sai na zuƙa. Tun ina yi don 'yan acaɓa har na koma yi ba mashin, ba mai mashin. Yaya ya ƙwace abinsa. Yanzu in hantsi ya yi ban zuƙa ba, kaina ya yi ta sarawa, jiya har mai tayar da nake liƙewa na zaga.

Na je shagon Oga Ifediora in sayi nawa. Mutumin nan ya duba leɓena kamar mai taya akuya, ya ce shi masu son barin taba kawai yake sayar wa, ni bakina fes yake. Washegari na goga gawayi a leɓe na koma. Matarsa Oby ta miƙo mini ruwan leda, na sha, ta ɗaga ledar ta nuna wa mijinta baƙin gawayin.

Ni fa baligi ne, har ƙuri'a na kaɗa. A makarantar allo ba a taɓa biya mana babin batir da mangwaro ba. Wanda ya shekara ashirin yana ƙona ƙirjinsa a ba shi, ni da na kiyaye nawa a kore ni? Ranar Asabar zan fara sigari, wata ɗaya tak, leɓen ya yi duhu in koma. Ki ce mini dabarar ta yi.

Mai Faci, Kafanchan

Mai Faci, dabarar ba ta yi ba. Na daɗe ina karanta wasiƙu, ban taɓa ganin mai shirin faɗawa rijiya don a miƙo masa tsani ba sai kai.

Inda kake da gaskiya zan ba ka. Kai baligi ne, kuma mai shago ba hukuma ba ne. Duba leɓe ma ba awo ba ne, akwai masu baƙin leɓe tun haihuwa. Ko masana suna jayayya a kan ko ya dace a hana babba abin da ya zaɓa wa kansa. Amma kai yaushe ka zaɓa? Ka tafi tsokanar Meshak, nikotin ɗin da ke cikin hayaƙin ya tsokane ka. Ciwon kan hantsin nan shi ne, ba zaluncin kowa ba. Ga yayanka abin nan mataki ne na sauka daga taba. Kai da ba ka hau ba, me za ka sauka?

Batun wata ɗaya kuwa, tambayi yayanka wata nawa ya ce zai yi ranar da ya kunna karan farko. Makarantar allon da kake fakewa da ita ta koya maka kada ka cutar da kanka, wannan babin bai bar batir a waje ba.

Ranar Asabar, maimakon teburin mai sigari, je asibiti ka faɗi gaskiya, ba gawayi. Kwanakin farko za su yi wuya, ka gaya wa yayanka ya sa maka ido, ka kuma daina gwada haƙurinsa, shi ma fama yake. In dai dariyar tasha kake nema, ka fara sigarin, za su samu ta shekara ashirin, kai ne abin dariyar.

Mutumin da ya ƙi sayar maka ya fi ka tausayin ƙirjinka. Allah ya yaye maka tun abin yana ƙarami.

Anti Khadijatu