"Shi" Ɗin Turawa Mace Ce

Tanimu ɗana, don Allah ajiye komai ka saurara! Yaya yara? Muna lafiya a Nassarawa, barci ne dai ya gagare ni.

Ƙanwarka Dije ta sauka lafiya, amma saƙona na jiya kuskure ne. Matar Baturen da mijinta yake yi wa kuku ce ta dawo daga asibiti tana murna, tana "shi, shi". Na rangaɗa guɗa, na aika muku namiji ne. Ashe a bakinsu "shi" mace ce, namiji "hi" ne! Malam Shawulu mai rubuta mini wannan har yanzu dariya yake. Yarinya ce kyakkyawa, hancina sak.

Tsorona kar a ce Turawa sun musanya mana jariri. Allah ya yi maka albarka, fara gaya wa gwaggonka Asabe, kafin ta shiga kasuwa.