Kafin Kunnen Madam Odessa Ya Toshe

Detroit, watan Fabrairu

Yaya Eulalia,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara da sauran mutanen garinmu Tepatitlán?

Ni lafiya lau nake. Kada karkacewar rubutuna ta dame ki, murfin inji ne ya ɗan datse mini yatsu, kuma sun fara lanƙwasuwa. Kada Mama ta ji. Ki dai aiko mini busasshen barkono, na nan ba shi da yaji.

Ki yi haƙuri, ba zan zo bikin Ista ba. Wata tsohuwa, Madam Odessa, ta kawo garejinmu wata tsohuwar mota, Dodge Charger ƙirar 1969. Tsatsa ta cinye ƙasanta, ɓeraye sun tare a kujeru. Marigayi mijinta yana cikin ma'aikatan da suka haɗa irinta a nan. Maigidana Don Fermín ya leƙa ya ce, "Anselmo, mu kanikawa ne, ba masu tayar da matattu ba."

Tsohuwar ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kunnena yana toshewa. Ina so in ƙara jin ƙararta."

Na yi walda, na wanke kafireta. Jiya injin ya yi tari ya mutu. Ki gaya wa Mama ba na barin garin nan sai tsohuwar nan ta ji shi yana ruri.

Allah ya raya yara.

Ƙaninki,
Anselmo